Amsar Wasiƙa: Fom ɗin Tallafin Gyaran Gidaje

Wani bawan Allah daga Kuchi, ƙaramar hukumar Kebbe, ya rubuto cewa ruwan damina ya rusa gidaje a unguwarsu, sai ga wani daga Tambuwal yana sayar da fom ɗin tallafi. Wai su saya?

To malam, kada ku ba shi ko kwabo. NEMA da SEMA ta jiha ba sa sayar da agaji. Jami'ai ke zuwa su ga ɓarnar da idonsu, kuma abin da aka fi rabawa abinci ne da kwanon rufi da siminti.

Sai maganar fili, inda da yawa ke faɗuwa. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka a karkara, amma yawancinmu gado muka ci, babu takarda. Shirin CSDP na Bankin Duniya ma, da aka fara a 2009, ajujuwa da rijiyoyi ya gina, gari kuma ya kawo kashi 10 na kuɗin.

Kada ku ci bashi kuna jiran gwamnati. Ku je wurin mai unguwa a rubuta sunayenku, a kai wa hakimi.