Rubutaccen shiri: Wai alƙalan Formula 1 son kai suke yi?

Yau ba maganar ƙwallo za mu yi ba, maganar tseren mota ce. Na san a gidajen kallonmu na Gwarzo da Kabo, ran Lahadi ba mai sauya tasha daga Firimiya ya sa Formula 1, sai dai in yana so a tashe shi tsaye. Amma masu bin tseren a waya sun fara yawa, kuma sun gaji halin 'yan ƙwallo kaf: direbanka ya ci, gwani ne, an yanke masa hukunci, alƙalai sun ci kuɗi.

To bari mu fara raba abu biyu da ake cakuɗawa. A kowane tsere akwai daraktan tsere, akwai kuma alƙalai. Darakta shi ne mai gudanarwa: shi zai ce a fito da motar kariya in an yi haɗari, shi zai ce a ɗaga jar tuta. Hukunta direba kuwa aikin alƙalai ne. Yawanci su huɗu ne a ɗaki guda, da bidiyo ta kowace kusurwa, da bayanan birki da sitiyarin kowace mota. Tun 2010 ake sa tsohon direba ɗaya a cikinsu. Don haka in ana wannan musu wani ya jawo maka Abu Dabi ta 2021, ka ce masa ya dakata. Abin da ya faru ranar 12 ga Disamba ɗin nan, da aka bar motoci biyar kacal suka wuce motar kariya har Verstappen ya samu zagaye ɗaya ya ƙwace kambu daga Hamilton, shawarar darakta ce, Michael Masi, kuma a Fabrairun 2022 hukumar FIA ta cire shi. Alƙalai dai sun yi watsi da ƙorafin Mercedes a daren, wannan gaskiya ne, amma ba su suka ƙulla ba.

Yanzu ga zargin da ya fi tashe: wai ana fifita Turawan Ingila. Ba 'yan majalisa kaɗai ke faɗa ba. Verstappen da bakinsa ya ce a 2024 fasfonsa ne bai dace da wurin ba, Alonso ma ya yi irin wannan shaguɓen a shekarar. Ni dai ban gamsu ba. Norris ɗan Ingila ne, kuma a Ƙatar a 2024 an ɗora masa hukunci mai nauyi, ya shiga ya tsaya cak sakan 10, saboda bai sassauta gudu ba da aka ɗaga tuta ruwan ɗorawa. Inda gizo ke saƙa daban ne, kuma misali biyu sun isa su nuna.

Kanada, 9 ga Yuni 2019. Vettel na Ferrari yana gaba, Hamilton na hura masa wuta. A zagaye na 48 motar ta kufce masa ya hau ciyawa, ya dawo kan hanya yana tangal-tangal, ya matse Hamilton kusa da bango. Ba su taɓa juna ba fa. Alƙalai suka ce dawowar ganganci ce, sakan 5. Vettel ya riga kowa tsallake layi, amma kofi na Hamilton. Wannan ce ranar da ya je ya ɗauke allon lamba 1 daga gaban motar Hamilton ya dasa masa lamba 2, wanda bai gani ba ya nema, abin dariya abin tausayi.

Sati uku bayan nan, Ostiriya, 30 ga Yuni. Saura zagaye kaɗan, Verstappen ya shigo wa Leclerc ta ciki, taya ta bugi taya, Leclerc ya fita daga hanya, Verstappen ya wuce ya ci. An shafe wajen awa uku ana jiran alƙalai, suka fito suka ce ba laifi. To ka sa kanka a matsayin mai goyon bayan Ferrari. An hukunta naka ba tare da ya taɓa kowa ba, an ture naka kuma an ce tsere ne. Wa zai hana ka cewa da wata a ƙasa?

Amma ka duba waɗanda suka zauna a ɗakin. A Kanada tsohon direban da ke cikin alƙalai Emanuele Pirro ne, a Ostiriya Tom Kristensen. Ba mutane ɗaya ba ne. Haka tsarin yake: kowane tsere ana sauya tawaga, kuma aikin sa kai suke yi, kuɗin tafiya da ɗan alawus ake ba su, ba albashi ba. Wasan da ake zuba biliyoyin daloli, direba yana ɗaukar miliyoyi, amma mai yanke hukuncin da zai iya sauya zakaran duniya ɗan sa kai ne da wataƙila ba zai sake zama ba sai bayan wata biyu. Wallahi wannan ya fi ba ni mamaki a kan kowane hukunci.

Abu na biyu da ke ɗaga wa mutane hankali shi ne alƙalai aikin suke aunawa, ba ɓarnar da ta biyo baya ba. Silverstone, 18 ga Yuli 2021, zagayen farko, kwanar Copse. Tayar gaban Hamilton ta taɓa ta bayan Verstappen, ya tafi ya daki shingen tayoyi da ƙarfin da aka auna 51G, aka kai shi asibiti a duba shi. Alƙalai suka ce mafi yawan laifin na Hamilton ne, sakan 10. Ya biya, ya dawo ya ci tseren. Magoya bayan Red Bull suka ce wannan ai raini ne, ka kai abokin hamayyarka asibiti kuma ka ɗaga kofi. Na fahimci zafin. Sai dai ka yi tunani: in za a auna da ɓarna, direbobi biyu za su yi kuskure iri ɗaya sak, ɗaya ya tsira saboda kwanarsa tana da fili, ɗaya a kore shi saboda tasa tana da bango. Kamar a ƙwallo ne ka ce ba za a ba da jan kati ba sai ƙafa ta karye. A nan ina bayan alƙalai.

Inda ba na bayansu shi ne maganin da aka nemo. Da ƙorafi ya yi yawa, sai aka rubuta ƙa'idojin obatekin dalla-dalla. In ka shigo ta ciki, sai tayarka ta gaba ta kai daidai madubin abokin karawarka a tsakiyar kwana kafin ka cancanci a ba ka hanya. In ta waje ne, sai ka riga shi kaiwa. Direbobin nan kuwa ba yara ba ne. Tunda doka ta ce wanda ya riga kai tsakiyar kwana shi ke da ita, sai kawai ka saki birki ka riga kaiwa, ko da ba za ka iya shan kwanar ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban motar haya daga Kabuga zuwa Gwarzo ya san irin direban nan, mai cusa hanci ya ce ai ni na fara shiga.

Shi ya faru a Austin ta Amurka, 20 ga Oktoba 2024. Norris ya zo ta waje, Verstappen ya jinkirta birki, dukkansu biyu suka fita daga hanya, Norris ya fito a gaba. Wa aka hukunta? Norris, sakan 5, ya rasa matsayi na uku. A rubuce hukuncin daidai ne, amma ido ya ƙi yarda. Bayan sati ɗaya a Meziko, su biyun dai suka sake, wannan karon Verstappen ya kwashi sakan 10 har sau biyu. Nan kuma aka koma kan Johnny Herbert, ɗan Ingila da ke cikin alƙalan ranar, wanda kuma yake sharhi a kafafen labarai. A Janairun 2025 FIA ta sallame shi, ta ce alƙalanci da sharhi ba sa haɗuwa. Ka ga illar aikin sa kai: mutumin da ba ka biya dole ya nemi na cefane a wani wurin.

Sai a Yunin 2025 FIA ta fito da waɗannan ƙa'idoji kowa ya karanta. Kafin nan masu kallo musu suke yi a kan dokar da ba su taɓa gani ba. Amma fitar da su bai kashe wutar ba. A Zandvoort ta Holan, ƙarshen Agustan 2025, aka ba Sainz sakan 10 saboda karo da Lawson. Williams ta kawo sabon bidiyo, alƙalai suka sake zama suka ce ba laifin kowa ba ne, suka goge masa maki biyu na laifi da aka rubuta a lasisinsa. Makin nan ba wasa ba ne, in suka kai 12 cikin wata 12 an dakatar da kai tsere ɗaya, kamar yadda aka yi wa Magnussen a 2024. To an goge maki, amma sakan 10 ɗin fa? Ya riga ya biya su a cikin tsere, ba mai dawo masa da su.

George Russell, ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiyar direbobi, ya daɗe yana kiran a ɗauki alƙalai na dindindin a riƙa biyansu. Masu adawa suna cewa in alƙalin dindindin ya tsane ka, ka shiga uku shekara guda. Hujja ce, ban raina ta ba. Amma ni na fi son alƙalin da na san sunansa, na san yadda ya yanke a watan jiya, in ya sauya yau in tambaye shi dalili. A ba su albashi, a hana su aikin gefe, a rage musu dogon rubutu su yi amfani da idonsu. Shugaban FIA, Mohammed Ben Sulayem, amsarsa ita ce wa zai biya. A wasan da Red Bull ta ce motar Verstappen ɗaya da ta dagargaje a Silverstone ta ci mata kusan dala miliyan 1.8.

Nan za mu tsaya yau. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.