Fitilar Gas Ba Ta Mutu Ba: Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai

 

Kwamiti ya kawo shawarar a sayar wa 'yan gwangwan tsofaffin fitilun gas da ke jibge a sito, wai sun mutu. Na nemi izinin yin magana kafin a yanke hukunci, domin a ganina yawancinsu suma suka yi, kuma abin da zai farfaɗo da su bai taka kara ya karya ba.

Iri biyu ne a siton. Akwai Tilley ta Ingila, akwai Petromax, wadda Max Graetz ya ƙera a Berlin ta ƙasar Jamus a 1910. Malamanmu da suka yi karatun dare da su sun fi ni sanin ƙugin da suke yi. To amma aikinsu ɗaya ne. Fitilar gas ba ta ƙona ruwan kananzir kamar yadda fitilar ƙwai ke yi da lagwani. Iskar da aka bunƙa da famfo ita ke tura kananzir ya hau bututu mai zafi, ya zama tururi, ya fita ta wata 'yar ƙofa da ba ta fi tsinin allura ba, ya gauraya da iska, sannan ya kama a jikin raga. Ragar ce ke haske. Wanda ya gane wannan ya gane rabin gyaran.

A fara da famfo. In an tura shi ya tafi salalau ba nauyi, fatar da ke bakinsa ce ta bushe. A ciro ta, a jiƙa ta da mai ta kwana, a ɗan buɗa bakinta da yatsa, a mayar. In ta tsage, duk baduku zai yanka wata. In kuwa sandan famfon yana tasowa da kansa, ko kananzir yana biyo shi, to bawul ɗin da ke ƙasan famfon ne ya saki, kuma ba a kunna fitila a wannan hali sai an sake robarsa. Don gano inda iska ke zurarewa, a juye man, a cire ƙwai da raga, a bunƙa tankin, a tsoma shi cikin bokitin ruwa kamar yadda mai faci ke yi wa tayar keke. Sau da yawa robar murfi ce kawai. Tankin da ya tsage ko gindinsa ya kumbura, wannan kam na yarda a ba 'yan gwangwan.

Inda aka fi yi wa fitilar nan ɓarna shi ne 'yar ƙofar da tururi ke fita. Tana toshewa da baƙin kananzir, shi ya sa aka yi mata allurarta a ciki, wadda ake ɗagawa da murɗa maɓalli. Sai mai gaggawa ya ɗauko allurar ɗinki ya zura. Ƙofar ta buɗe, mai ya yi wa iska yawa, haske ya koma ja, harshen wuta ya riƙa leƙowa bayan raga, a ce fitila ta tsufa. Ba ta tsufa ba, an yi mata rauni ne, sai an sake hancin. A Tilley bututun gaba ɗaya ake sauyawa. A Petromax kuma akwai tazara tsakanin hancin da bututun da ke shaƙar iska. A daidaita ta da ma'aunin da ke zuwa da fitilar, kada a yi ta da ka.

Ita raga, wani Ba'ostiriya ne, Carl Auer von Welsbach, ya ƙirƙiro ta a 1885. Da an ɗaura ta an ƙona, ta zama toka mai siffa, ko kallon banza ba ta so. In ta huje a sake ta nan take, domin wutar da ke tsartuwa ta hujin ita ke fasa ƙwai. Tsofaffin raga na da sinadarin toriyom mai fitar da tiriri mai illa, saboda haka a ƙona sabuwa a fili, kada a shaƙi hayaƙin, a wanke hannu bayan an taɓa tokar.

Saura kunnawa, inda ake gwada haƙurin mutum. Sai an gasa bututun da sipirit har wutarsa ta kusa cinyewa kafin a saki mai. Wanda ya yi garaje, ɗanyen kananzir zai hau, wuta ta tashi da baƙin hayaƙi. Ba a watsa mata ruwa, ba a jefar da ita. A sassauta abin sakin iska, wutar za ta kwanta, a bari ta huce, a sake. Fetur kuwa ko ɗigo kada ya shiga tankin. Mun san rayukan da gurɓataccen kananzir ya ci a ƙasar nan. Kuma kada a kunna ta a ɗaki rufe.

Na san za a ce yanzu zamanin fitilar sola ne, kuma tun da aka cire tallafin kananzir a 2016 ya fi ƙarfin talaka. Gaskiya ne, ban ce a koma karatun dare da su ba. Amma babbar Petromax na yin kusan awa 8 da lita ɗaya, ta haskaka zaure kamar wannan ranar da batir ya ƙi. Roƙona shi ne a ba malamin kimiyya su, ɗalibai su kwance su, su ɗaura da hannunsu. Kuɗin fata, roba da raga ajinmu ya ɗauka.