Ma'aunin Ɗan Damben da Ba a Taɓa Kashewa Ba

A filin dambe, ko a Haɗejiya bayan an yanke shinkafar fadama, ko a ƙasar Sakkwato, in ɗan dambe ya kai ƙasa sai a ce an kashe shi. To, wanda ya ci zamaninsa ba a taɓa kashe shi ba, da me za a auna shi?

Turawa lissafi suka riƙe. Rocky Marciano na Amurka ya bar dambe a 1956, ya kara sau 49, ya yi nasara sau 49. Amma masana da dama Muhammad Ali suke fifitawa, alhali kuwa sau 5 aka rinjaye shi, domin ya gwabza da Frazier da Foreman suna kan ganiyarsu. Shi kuwa Joe Louis, sa'ad da Marciano ya buge shi a 1951, shekararsa 37, ƙarfi ya fara ja da baya.

Bahaushe bai ajiye littafin ƙidaya ba, makaɗi shi ne littafinsa. Galibin abin da ake tunawa da Shago a yau daga bakin Ɗan'anace ya fito. Sai dai fa makaɗi ɗan kyauta ne: yakan lissafa mazajen da gwaninsa ya kashe, ya yi shiru game da waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba.