Jawabin Shugaban Kwamitin Kula da Makaranta a Bikin Buɗe Matatar Ruwan Sha, Birnin Gwari



Wakilin Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Allah ya ja zamanin Sarki. Ranka ya daɗe Hakimi, da dagatai da masu unguwanni. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku. Shugaban makaranta da malamansa, injiniyoyi da maginan da suka yi wannan aiki, iyayenmu mata da suka bar tukunya a murhu suka zo, sai kuma ku 'ya'yanmu da saboda ku aka taru. Barkanku da zuwa, sannunku da rana.

Abin da za a buɗe yau ba mai cika ido ba ne. Tanki ne na siminti da aka raba ɗaki-ɗaki, a ciki tsakuwa da yashi da gawayi, a jikinsa kawunan famfo a jere. Amma duk wanda ya taɓa ɗiban ruwan rijiyar burtsatsen makarantar nan ya san dalilin wannan taro. Ka buga famfo da safe, ruwa ya fito garau. Ka ajiye bokitin a inuwa, kafin a fito tara ya juye ja, da maiƙo-maiƙo a sama da jar laka a gindi. Ga ƙarni, ga ɗanɗanon ƙarfe da ke kama harshe. Yarinya ta wanke farin hijabinta da shi, ya fito da tabon da omo da bula ba sa iya fitarwa. Mai shayin bakin hanya ya gwada shi, shayin ya koma baƙi ƙirin. Har aka soma ƙishin-ƙishin a gari, wasu na cewa guba aka zuba, wasu na cewa an haƙa rijiyar ne a gidan mutanen ɓoye.

Babu guba, babu aljanu. Ƙarfe ne, kuma na ƙasarmu ne. Masana duwatsu sun daɗe da sanin cewa shimfiɗar dutsen da ke ƙarƙashin Birnin Gwari, wadda ake tonon zinare a cikinta a wajen Tsohon Birnin Gwari, tana ɗauke da ƙarfe. Can ƙasa inda iska ba ta kai ba, ƙarfen yakan narke cikin ruwa, ido ba ya ganinsa. Da zarar ruwan ya fito ya sha iska sai ƙarfen ya yi tsatsa, kamar fartanyar da aka manta a gona da damina. Wannan tsatsar ce jan da muke gani. Akwai kuma dalili na biyu da injiniyoyi suka nuna mana, wanda ba na dutse ba ne: idan ruwan ƙasa yana da ɗan tsami, yakan ci bututun ƙarfen da aka zura cikin rijiya, bututun da kansa ya riƙa ƙara wa ruwan tsatsa. An ga haka a rijiyoyin tuƙa-tuƙa da yawa a Afirka ta Yamma tun shekarun 1980. Shi ya sa aka zare tsofaffin bututan nan aka sa na roba.

Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya, wanda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta fitar a 2007 aka sake duba shi a 2015, ya ce kada ƙarfe ya wuce miligiram 0.3 a kowace lita. Da aka auna namu, ya zarce haka. To amma a nan ina so a saurare ni da kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta lissafa ƙarfe cikin abubuwan da ke sa cuta a adadin da aka saba samu a ruwan sha ba. Jan ruwan nan bai taɓa kwantar da yaro ba. Abin da ya yi shi ne ya kori yaranmu daga rijiya.

Ina suka nufa da aka kore su? Mai kuɗi a aljihu ya sayi fiya wata, kuma mun san yara nawa ne ke zuwa makaranta da kuɗi. Sauran suka gangara rafi da kududdufi, inda shanu ke sha, inda ruwan sama ke wanko bayan gida ya zuba. Wannan ruwan ba ya ɓata hijabi, ba ya ƙarni, amma a cikinsa taifot da tsargiya da amai da gudawa suke kwana. A shekarar 2021 kaɗai, hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu, kuma arewa ce ta fi ɗanɗana kuɗarta. Yaro ya guje wa ruwan da ke da muni a ido, ya je ya sha wanda ke kisa. Abin da ya hana mu barci ke nan.

Kuma a Birnin Gwari, gangarawa rafi ba maganar ciwon ciki kawai ba ce. Ba sai na yi dogon bayani a gaban mutanen Kuyello da Randagi da Kakangi da Dogon Dawa ba. Dajin Kamuku da aka keɓe tun 1936, aka ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa a 1999, dajin da a da baƙi ke zuwa kallo, mun ga shekarun da ya zama wurin da uwa ke jin sunansa gabanta ya faɗi. Mun ga makarantu a rufe, gonaki sun koma saura, hanyar Kaduna ba ta biyuwa sai da rakiya. Sace ɗaliban Kuriga da 'yan bindiga suka yi a watan Maris na 2024 a kan wannan hanyar tamu ya faru. Alhamdu lillahi, a watan Nuwamba na 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu bayan ta daɗe a rufe, mutane suka soma komawa gona. Muna roƙon Allah ya ɗorar da zaman lafiya. Amma ko a cikin lafiya, ba na son in ga 'yar aji uku da jarka a ka ta nufi bakin daji a lokacin da ya kamata tana gaban allo. 'Yan mata ne ake aike ɗiban ruwa, kowa ya sani, kuma su ne darasi ke wucewa.

Yadda matatar ke aiki ba wani sirri ba ne, kuma ina so kowane ɗalibi ya iya bayyana shi. Ruwa yana zubowa daga sama ta faranti mai huji-huji, ya tarwatse a kan gawayi da manyan tsakuwa, ya sha iska sosai. Maimakon ya yi ja a bokitinku, sai ya yi jansa a nan. Daga nan ya shiga ɗaki na biyu ya natsu, tsatsa mai nauyi ta kwanta a ƙasa. Sauran kuma yashi ya tare ta a ɗaki na ƙarshe. Babu wani magani da ake sayowa daga Legas, babu injin da zai lalace a jira makaniki daga Kaduna.

Sai dai tana da sharaɗi guda, kuma a kansa ne irin wannan aiki ya mutu a wurare da yawa: wanki. Tsatsar da ta tare ba ɓacewa take yi ba, taruwa take yi. In ba a buɗe makullin da ke ƙasa an zubar da jar lakar ba, in ba a koro ruwa ta baya an ɗauraye yashin ba, ruwa zai soma zuwa da ƙyar, wata rana ya ɗauke. Daga nan sai wani mai gaggawa ya haɗa bututu kai tsaye ya tsallake matatar, mu koma gidan jiya. Saboda haka kwamiti ya naɗa malami ɗaya da maigadi da ɗalibai manya, an koya musu aikin, an ba su littafin da za su riƙa rubuta ranar kowane wanki. Ni da kaina zan riƙa duba littafin. Wani abu kuma da injiniya ya ja mana kunne a kai: idan kun ga yashin ya rine ja, kada ku kwashe shi ku zubar. Yashin da tsatsa ta lulluɓe ya fi sabo kama ƙarfe.

Kada kuma mu ɗora wa matatar abin da ba aikinta ba. Ƙarfe take cirewa. Idan aka haƙa masai kusa da rijiya, ko aka bar dabbobi suna kwana a gindin famfo, ko aka ɗebi ruwa mai tsabta a ƙazamar jarka, cuta za ta shigo ta wata ƙofar. Sannan mu mutanen ƙasar zinare ne. Gubar dalma daga dakan dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabciyarmu, a 2015. Dalma ba ta canza launin ruwa, ba ta da ƙarni. Don haka muna roƙon masu unguwanni su hana daka ko wanke dutse kusa da makarantar nan, kuma za mu riƙa kai ruwan gwaji da rani da damina.

Ga hukumar samar da ruwa a karkara ta jihar Kaduna, RUWASSA, da majalisar ƙaramar hukuma, roƙonmu shi ne duk rijiyar da za a haƙa wa wata makaranta a masarautar nan, a auna ruwanta kafin a miƙa ta, a kuma zura mata bututun da ba ya tsatsa. Akwai makarantun ƙauyuka da yanzu ake sake buɗewa, rijiyoyinsu sun yi shekaru babu mai taɓawa. A duba su kafin yara su cika azuzuwa.

Muna godiya ga duk wanda ya sa hannu, da wanda ya ba da kuɗi, da matasan da suka yi dakon yashi da tsakuwa kyauta, da iyaye matan da suka ciyar da leburori. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya sa ya zama sadaka mai gudana.

Yanzu ina roƙon Liman ya yi mana addu'a, bayan haka wakilin Mai Martaba, ranka ya daɗe, ka taso ka buɗe mana famfon farko. Ɗalibai ku yi layi aji-aji, 'yan aji ɗaya a gaba.