Wake da damina, tumatir da hunturu: yadda za ka gyara bayan gidanka

Wani matashi daga Gwaram ya turo tambaya. Yana da ɗan fili a bayan gida, taku goma-goma, yana son wake da tumatir. Wanne zai fara?

To ɗan'uwa, kar ka haɗa su lokaci ɗaya. A ƙasarmu ta Birnin Kudu da Gwaram, tumatir ba ya son ruwan Agusta, cuta ke cinye ganyen. Shi ɗan hunturu ne. Wake kuwa a shuka shi a Yuli, irin mai saurin nuna na cibiyar IAR Samaru ya kai girbi cikin wata biyu da rabi. Jijiyarsa tana barin sinadarin naitirojin a ƙasa, tumatir ya zo ya mora.

Kafin komai, shinge. Wallahi akuyar maƙwabta ɗaya ta isa ta gama da aikin wata uku kafin la'asar. Ka yi darni na kara tukuna.

Sai taki, nan ne na taɓa shan kashi. Na kwaso ɗanyen kashin kaji na zuba, na dasa tumatir washegari. Kwana uku duk suka ƙone, Inna tana ta yi mini dariya. Kashin awaki ko na kaji, tara shi gefe, ka riƙa yayyafa ruwa kana juyawa har zafinsa ya fita, ya yi baƙi, warin ya tafi. Sannan ka cakuɗa da ƙasa, ka tayar da kunya. Wake ma ba ya son taki da yawa, sai ya yi ta ganye babu ƙwaya.

Oktoba ka yafa irin tumatir a ƙaramin komi, bayan sati huɗu ka dasa da yamma, kamu ɗaya tsakani. Ka guji inda aka cire tattasai ko gauta bara, danginsu ɗaya, cutarsu ɗaya.

Kuma ka riƙa duba ganye kullum. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta tsadar da tumatir a 2016, cikin ganye take shiga. Ka ga farin tabo, tsinke ganyen ka ƙona.

Sati mai zuwa, ban-ruwa da bokiti. Sai mun haɗu.