Hanyar da Kakata Ta Koya Min: Jawabi a Taron Zagayowar Shekarar Ƙungiya

Uwar ƙungiya, iyayenmu da ke zaune a gaba, yayye da ƙanne, da mazajenmu da suka daure suka zo suka tsaya daga baya, sannunku da zuwa. Allah Ya maimaita mana.

Da aka ce ni zan yi magana bana, sai da gabana ya faɗi. Kun san ni, a kasuwa bakina ba ya mutuwa, amma tsayuwa da takarda a hannu wani abu ne daban. Da hannuna na rubuta ta, dare huɗu ina fama, malamarmu ta yaƙi da jahilci ta gyara min inda na yi tuntuɓe. In kun ji na yi shiru, rubutuna ne ya ƙi karantuwa, ku yi haƙuri.

An so in yi magana kan adashi. Na ce a bar wa ma'aji, ta fi ni sanin lissafi. Ni maganar hanya zan yi, hanyoyin ƙafar nan da suka fita daga Riruwai suka hau duwatsu suka shiga daji.

Bara da kaka wata mota ta tsaya kusa da rumfata, cike da ɗalibai daga Kano, irin waɗanda malamansu ke kawowa su duba duwatsunmu. Suka sayi gyaɗa da ruwa. Washegari za su Zainabi su ga inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, amma ran nan suna da ragowar lokaci, sai wata yarinya a cikinsu ta ce, "Mama, ko akwai mai nuna mana hanyar hawa dutsen can?" Na ce yo ai ga ni. Tun ina 'yar shekara bakwai nake bin kakata ta wurin, mu tsinto kaɗanya da asuba. Na bar wa 'yata rumfa, na sha ɗamara, na shige gaba ina ta cika baki.

'Yan uwa, ɓata na yi. A garinmu, da rana tsaka, da baƙi goma sha biyu a bayana. Akwai wani babban kaɗe da muke karya kwana a gindinsa, daga nan a bi gefen rafi a hau. Na duba gabas na duba yamma, babu shi. Inda na san hanya take, masara ce. Muka yi ta bulayi cikin ciyawa har wani dattijon Bafulatani da ke kiwo ya hango mu, ya zo ya ɗora mu a kan turba. Shi ne ya nuna min kututturen da sandarsa. Ya ce an sare shi an yi gawayi.

Ban ce komai ba, don kun san abin da ke jibge a bayan rumfata. Buhunan gawayi ne. Shekara shida ina sarinsa, ban taɓa tambayar mai kawo min wane icce ya sara ba.

Muka hau dai. Kuma wallahi da muka kai sama, ni da aka haifa a nan sai da na riƙe baki. Tudu bayan tudu, kore shar, gonakin masara sun yi layi a kwari, rugage can gefe, ga duhun itatuwa ya miƙe ta wajen Falgore har inda ido ya gaza. Yaran nan suka yi ta ɗaukar hoto. Ɗayansu ya ce a birni in suna son hawa sai Dala ko Goron Dutse, kuma in ka hau, rufin kwano kawai za ka gani. Sun biya kuɗin mota tun daga Kano don su ga abin da mu muke juya wa baya kullum. Da za su tafi suka haɗa min kuɗin da ya fi cinikina na ranar.

Hanyoyin nan ba yau aka fara taka su ba. Tun Turawa ba su zo ba mutanen Riruwai ke wanke kuza a rafi, su narke ta, su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su ɗauka a ƙafa da jakuna su kai kasuwanni. Daga baya kamfanoni suka zo, aka yi ramuka, gari ya cika da baƙi. Da kasuwar kuza ta faɗi a duniya a 1985, aiki ya yi sanyi, aka bar mana ramukan da ruwa ya cika, waɗanda har yau muke hana yara zuwa. Maza suka bar hanyoyin, mata ba su bari ba. Da bazara a je ɗorawa, a samu gari a samu kalwar daddawa. Da farkon damina a je kaɗanya. Ga ɗinya, ga tsada, ga kanya, ga gwandar daji, kowanne da lokacinsa da inda yake. Kakata ba ta san bihim ba, amma duk wannan yana kanta, har da wane rafi ne ba a ƙetarewa in an yi ruwa da dare, da wane dutse ne birai ke tare mutum.

To me ya raba mu da su? Tsoro ne na farko, kuma ba tsoron banza ba. Duk mun tuna shekarun da ɓarayin shanu suka addabi dajin Falgore, motar Kano ma sai an yi addu'a ake shiga, har a 2017 sojoji suka mai da dajin wurin atisayensu. Wace uwa ce za ta tura 'yarta tsintar kaɗanya a wannan hali? Sai kuma babur ya zo, kowa ya koma bin titi. Tsofaffin da suka san hanya suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. 'Yata mai shekara goma sha shida ta san man kaɗe a roba, amma ba ta taɓa ganin yadda ake tsinto shi ba. Laifina ne, ba nata ba.

Ɗana ya nuna min a waya cewa a Ingila hanyoyin ƙafa irin waɗannan a rubuce suke a taswira, doka ta kare su, ko ta cikin gonar mutum suka ratsa ba shi da ikon toshewa. Mu ba mu kai nan ba. Amma yanzu muna da abin da iyayenmu ba su da shi, mun iya riƙe biro.

Ga roƙona. A fitar mana da kuɗin babban littafi ɗaya daga asusu. Sau ɗaya a wata mu ɗauki hanya guda, tsohuwa ɗaya da ta san ta a gaba, in ƙafarta ba za ta iya ba ta zauna ta kwatanta mana, 'yan ajinmu na rubutawa: daga ina aka tashi, a wane icce ake karya kwana, ina ruwa yake, ina ramin kuza yake, kaɗe nawa ya rage. Kowace ta zo da 'yarta. Ba za mu fita ba sai da izinin mazajenmu, da sanin mai unguwa, da rakiyar 'yan sintiri, mu dawo kafin la'asar. Cikin gandun Falgore kuwa ba namu ba ne, akwai ma'aikatan daji, ba mai shiga sai da yardarsu. In baƙi suka sake zuwa, su tarar da mai rakiyar da ba za ta ɓatar da su ba, su tarar da man kaɗe da daddawarmu a kan tebur.

Na biyun ya fi ɗaci. Kaɗe yakan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ya fara 'ya'ya, a wuni ɗaya kuma ake ƙone shi. Ina so mu masu sarin gawayi mu yi alkawarin daina karɓar na kaɗe da na ɗorawa. Na san abin da nake faɗa. Gawayin kaɗe nauyi gare shi, yana daɗewa a wuta, shi masu saye suka fi so, kuma a cikinmu akwai wadda da ribarsa take biyan kuɗin makarantar marayu. Ba zan tsaya a nan in ce ba za a yi asara ba. Ni na fara tun watan jiya, na mayar da buhu uku, mai kawo min ya yi fushi ya kai wa maƙwabciyata. Shi ya sa na ce sai mun haɗu, don in ni kaɗai ce, kaɗen dai an sare shi, ni kuma na rasa ciniki.

Uwar ƙungiya ta ce bayan an ci abinci za a ɗaga hannu a kan maganganun biyu, ɗaya bayan ɗaya. In an yarda, Asabar ɗin farko ta watan gobe mu haɗu a bakin kasuwa da ƙarfe 7 na safe. A zo da ruwan sha, kuma don Allah ban da takalmi mai tsini. Hanyar kututturen nan za mu fara bi, yanzu kam na gane ta.