Darasin Komati: A Gina Sabo Kafin A Rufe Tsoho

(Wannan shi ne jawabin da akawun reshenmu ya karanta wa jama'a a taron mako. Mun buga shi duka saboda waɗanda ba su sami zuwa ba.)

Mun gode muku da kuka rufe rumfunanku tun da sauran rana, kuka zo don ku ji abin da ke tafe da mu. Zancenmu na yau zancen wutar lantarki ne. Za mu ba ku labarin wani kamfanin wuta na Afirka ta Kudu, wanda ya zauna ya tsara yadda zai bar ƙona kwal ya koma ga hasken rana da iska cikin shekara 30, da abin da ya sami talakawan wani ɗan gari sa'ad da aka fara aiki da wannan shiri. Ku yi haƙuri da yawan lissafi, gama a cikin lissafi ne a kan ɓoye wanda zai ci riba da wanda zai ɗauki hasara.

KAMFANIN DA SHIRINSA

Sunan kamfanin Eskom. An kafa shi cikin 1923, na Gwamnati ne, kuma shi ke ba da mafi yawan wutar ƙasar. Wajen kashi 80 cikin 100 na wutar nan daga kwal ta ke fitowa, watau baƙin dutsen nan da a ke haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, irin wanda aka yi ta haƙa a Inugu. A ƙona kwal, ya tafasa ruwa, tururin ya juya inji, injin ya ba da wuta. Galibin gidajen wutar suna lardin Mpumalanga, gabas da birnin Johannesburg, dab da ramukan kwal. Mutum wajen 90,000 ke cin abinci a aikin haƙar kwal kaɗai, ban da direbobi da leburori da masu sayar musu da abinci.

Abu uku suka tilasta wa kamfanin ya yi tunanin canji. Na fari, injunansa da yawa sun tsufa, yau gyara gobe gyara. Na biyu, hayaƙin kwal yana cutar da ƙirjin mutane, musamman yara da tsofaffi, har cikin watan Maris na 2022 babbar kotu a Pretoria ta yanke hukunci cewa ƙazamar iskar wannan yanki ta tauye haƙƙin da tsarin mulkin ƙasar ya ba mazauna wurin. Na uku, hayaƙin nan yana cikin abubuwan da ke ƙara wa duniya zafi, masu ba da rance kuwa sun fara janye hannunsu daga kwal, ga shi kuma kayan sola sun yi araha ƙwarai bisa ga da.

Saboda haka cikin 2020 kamfanin ya buɗe ofishi na musamman don wannan aiki, ya kuwa sa kalmar adalci a cikin sunan ofishin. Shirin da aka bayyana shi ne a rufe tsofaffin gidajen wuta masu ƙarfin megawat wajen 22,000 kafin 2035, sa'an nan zuwa 2050 hayaƙin da kamfanin ke fitarwa kada ya wuce wanda a ke iya shanyewa. Megawat shi ne mudun da a ke auna ƙarfin wuta da shi. Don ku gane girman abin, dam ɗinmu na Kainji an gina shi ne a kan megawat 760. Cikin watan Nuwamba na 2021, a babban taron yanayi na birnin Glasgow, ƙasashen Ingila da Faransa da Jamus da Amurka da Tarayyar Turai suka yi wa Afirka ta Kudu alkawarin dala biliyan 8.5 don taimakon wannan canji.

Mu dai ba mu ga laifin manufar ba. Ba wanda zai so ɗansa ya tashi yana tari saboda hayaƙi. Abin dubawa shi ne yadda aka bi da talaka wajen cika ta.

ABIN DA YA FARU A KOMATI

Gidan wutar da aka fara da shi sunansa Komati, kusa da garin Middelburg. Ya fara ba da wuta cikin 1961, yana da inji 9, ƙarfinsu duka megawat 1,000. A gefensa akwai ɗan gari wanda saboda gidan wutar aka gina shi, kuma da shi ya ke rayuwa. An yi ta kashe injunan ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura guda mai ba da megawat 121. Ran 31 ga watan Oktoba na 2022 aka kashe shi.

Cikin watan Nuwamba na wannan shekara Bankin Duniya ya amince da kuɗi dala miliyan 497 don a mai da wurin gidan wuta na zamani: megawat 150 na hasken rana, da 70 na iska, da manyan batura na megawat 150 don ajiye wutar. Aka kuma shirya makarantar koyon sana'ar sola, da ɗan wurin harhaɗa ƙananan injunan sola waɗanda a ke kai wa ƙauyuka. A bisa takarda shiri ne mai kyau. Amma ku lura da kwanakin nan biyu. An kashe inji cikin Oktoba, aka amince da kuɗin sabon gini cikin Nuwamba. Shekara guda bayan haka manyan filayen solar da injunan iskar ba su tashi ba tukuna. An zubar da ruwan tulu saboda ganin hadari.

To, wa aka lissafa cikin shirin nan? Ma'aikatan kamfanin na dindindin, masu lamba da fansho, ba a kore su ba. Waɗansu aka bar su a wurin, waɗansu aka sauya musu wurin aiki. Wannan daidai ne, mun yaba. Amma gidan wuta ba ma'aikatan dindindin kaɗai ya ke ciyarwa ba. Akwai leburorin 'yan kwangila, waɗanda kwangila na ƙarewa aikinsu ya ƙare. Akwai direbobin da ke ɗauko kwal. Akwai mai tuwo a bakin ƙofa, da mai ɗakunan haya, da mai kanti, da mai motar haya, da mai wanki. Waɗannan ba su da lamba a littafin kamfani, saboda haka ba wanda ya aika musu da takardar canjin wurin aiki. Masu albashi suka tashi, ciniki ya bi su. Ku da ke zaune a nan ba ku bukatar a yi muku bayanin abin da a ke nufi da ciniki ya tashi daga unguwa. Cikin kuɗin nan na Bankin Duniya kuwa, kimanin kashi 1 cikin 10 ne aka ware don ma'aikata da jama'ar gari.

Wannan ba zancen masu hamayya kaɗai ba ne. Hukumar yanayi wadda Shugaba Cyril Ramaphosa ya kafa ta je ta bincika, ta fid da rahoto cikin 2023. Abin da ta gano shi ne an makara wajen fara shiri, an makara wajen jin ta bakin mutanen gari, kuma ba a tanadi waɗansu hanyoyin neman abinci ba kafin a rufe. Ministan wutar lantarki na ƙasar, Kgosientsho Ramokgopa, shi ma cikin wannan shekara ya fito fili ya kira abin da ya faru a Komati rashin adalci. Ga shi kuma 2023 ita ce shekarar da aka fi ɗauke wuta a tarihin ƙasar, fiye da kwana 300 ana rabon ta. Cikin 2024 sai kamfanin ya ja da baya, ya ɗaga rufe gidajen wuta na Camden da Grootvlei da Hendrina zuwa 2030. Ku duba hasarar: mutanen Komati sun rasa abinci, mutanen da ke kusa da waɗancan gidaje uku kuma aka ƙara musu shekarun shaƙar hayaƙi. Talaka ne ya biya ta fuska biyu.

SAURAN WURAREN DA TALAKA KE FAƊUWA

Akwai abu uku kuma da ya kamata ku sani, gama ba a kan faɗe su a ranar bikin buɗe aiki ba.

Na ɗaya, inda tsohon aiki ya mutu ba lalle ne nan sabon zai tsiro ba. Ramukan kwal suna Mpumalanga, amma rana ta fi ƙarfi a lardin Northern Cape, iska kuma a lardunan bakin teku, tafiyar ɗaruruwan mil. Kamfanin da kansa ya ƙiyasta yana bukatar sababbin manyan wayoyi na kilomita wajen 14,000 cikin shekara 10 don ɗauko wannan wuta. Har wa yau filin sola yana ɗaukar mutane da yawa sa'ad da a ke gina shi, amma in an gama, masu kula da shi kaɗan ne bisa ga gidan kwal. Wanda ya ce muku za a sami aiki dubu kaza, ku tambaye shi a wane gari, kuma na wata nawa.

Na biyu, kuɗin nan na ƙasashen waje mafi yawansa rance ne, kyautar da ke ciki ƙalilan ce. Gwamnatin ƙasar ta lissafa tana bukatar wajen rand tiriliyan 1.5 daga 2023 zuwa 2027, abin da ya ninka alkawarin Glasgow fiye da sau 10. Cikin watan Maris na 2025 kuma Amurka ta janye daga yarjejeniyar. Rance kuwa dole a biya shi, ko ta haraji ko ta takardar kuɗin wuta, kun kuwa san ko a hannun wa waɗannan biyu ke ƙarewa.

Na uku, da wuta ta yi ta ɗaukewa, masu hali da manyan kantuna suka hau rufin gidajensu suka kafa sola, har abin da suka kafa ya wuce megawat 4,000 cikin 2023. Sun rage sayen wutar kamfani, amma kuɗin gyaran waya da turaku da biyan bashi bai ragu ba, sai ya koma kan waɗanda ba su da halin sayen sola. An ƙara kuɗin wuta da kashi 18.65 cikin 100 a 2023, aka sake ƙara 12.74 a 2024. Gaskiya ne tun 2003 ƙasar tana da tsarin ba gidajen matalauta yunit 50 kyauta kowane wata, tsari mai kyau, amma da yawa daga cikin waɗanda suka cancanta ba su samu, domin sunansu bai shiga rajista ba. Kun ga a nan ma zancen ya koma kan wanda aka rubuta da wanda aka manta.

ABIN DA YA SHAFE MU

Wataƙila wani zai ce, ina ruwanmu da Komati, mu da wutarmu ta gas ce da ta ruwa? Amsa ita ce, a taron nan na Glasgow ne Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa Nijeriya irin wannan alkawari, ya sa shekarar 2060. Cikin watan Agusta na 2022 aka ƙaddamar da shirin ƙasa na wannan canji, cikin 2023 kuma aka yi dokar da ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. Watau irin takardun nan ana rubuta su a kanmu mu ma, kuma za su taɓa mai niƙa, da mai walda, da tela, da mai ƙanƙara, da mai gyaran janareto, da mai sayar da itace da gawayi. Mun kuwa riga mun ga yadda unguwa ke mutuwa in babbar ma'aikata ta rufe, gama duk wanda ya san Kakuri ta Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki, ya kuma gan ta bayan an rufe su, ya san labarin Komati tun ba a ba shi ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna ba ku shawara. Duk ranar da kuka ji kamfanin wuta ko hukuma ta kira taron jin ra'ayin jama'a a kan wani dogon shiri ko sabon farashi, kada ku bar wa masu manyan riguna kujerun. Kowace ƙungiyar kasuwa ta naɗa wakilai biyu ko uku, da mace a cikinsu, su tafi da takardar sunayen 'yan ƙungiya da sana'ar kowa, su yi tambayoyi huɗu, su nemi a ba su amsa a rubuce:

1. Wa da wa aka lissafa cikin shirin, kuma ina sunan waɗanda ba su da albashi?

2. Wace rana sabon abu zai fara aiki, wace rana kuma za a daina tsohon? Wanne ke gaba?

3. Kuɗin aikin rance ne ko kyauta, kuma nawa zai ƙaru a takardar ƙaramin mai shago?

4. Unguwar da ba ta taɓa ganin turken wuta ba, a wace shekara aka sa ta?

In suka amsa, mu riƙe takardar mu jira ranar cikawa. In suka ƙi, mu kawo labarin nan a buga, jama'a su sani. Mutanen Komati an ji ta bakinsu ne bayan an riga an yanke shawara. Mu muna da sauran lokaci, sai mu yi amfani da shi.

Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, Shugaba zai ba shi dama. Allah ya kai kowa gida lafiya.